Yadda ake koyon kiɗan buluz a jita, tun daga saiti har zuwa ƙofar jaz

Na daɗe ina koya wa mutane jita, yara da manya, kuma kusan duk wanda ya zo abu ɗaya ne a ransa, so yake ya ga yatsunsa na gudu a wuyan jita kamar yadda ya gani a bidiyo. Ni kuma abin da nake fara gaya masa shi ne, buluz a hannun dama yake, hannun da ke kaɗawa, shi ke riƙe da lokaci, idan lokacinka ya zauna ko sauti uku kacal ka sani sai an gyaɗa maka kai, idan kuwa bai zauna ba to duk gudun da za ka yi hayaniya ce kawai. Kiɗan nan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne suka haife shi, jikokin bayi, musamman a yankin Misisifi wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, daga baya irin su Muddy Waters da ya koma Cikago a 1943 suka ɗora shi a jitar lantarki. Iya tarihin da kake buƙata ke nan a yanzu, mu je ga aiki.

Kayan da za ka tanada

Jita tukuna. Ta katako mai rami wadda ba ta buƙatar wuta ta isa, ni ma ita nake ba sabon shiga shawara don ko an ɗauke wuta atisayenka ba zai tsaya ba. Gwanjo ba laifi ba ne, amma kafin ka ba da kuɗi ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako, in ya karkace ko ya yi doro ajiye ta ko nawa aka rage maka. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da aka gindaya a wuyan, a wajen ƙarfe na 12 bai kamata ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Jitata ta farko a wani shago na saye ta ban san wannan ba, tsirkiyoyin sun yi sama sosai, wata uku ina fama yatsuna na tsagewa ina zaton hannuna ne ba shi da ƙarfi, ashe kayan ne ba su da kyau. Abin ya daɗe yana ba ni haushi don na san yara da yawa da irin wannan jitar ce ta sa suka haƙura gaba ɗaya.

Sai tsirkiya, wasu waya suke ce mata. Nemi marasa kauri, a jikin fakitin za ka ga lamba, 10 ko 11 ta yi wa jitar katako, ta lantarki kuma 9 ko 10. Gargaɗi babba a nan: in jitarka irin mai tsirkiyar roba ce kar ka kuskura ka ɗaura mata ta ƙarfe, ba a gina ta don ɗaukar wannan jan ba, za ta iya ɓalle gadar da ke riƙe da tsirkiyoyin ko ta lanƙwasa wuyan. Sai fik, ɗan filastik ɗin da ake kaɗawa da shi, matsakaici. In babu, yanka tsohon katin ATM ko ragowar katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, ka goge bakin da takardar yashi ko a jikin siminti ya yi santsi. Ko ka yi da babban yatsa abinka, Wes Montgomery da babban yatsa ya yi duk kiɗansa na jaz, wani kiɗan Amurka ɗan'uwan buluz. A wayarka ka sauke manhajar saita jita da ta metronom, mai bugun ƙas-ƙas ɗin nan da ke ƙirga lokaci, akwai na kyauta da yawa. Ƙyalle mai tsabta, abin yanke farce, kujera marar hannu, shi ke nan.

Bari mu daidaita sunaye don kar mu ruɗe. Tsirkiyoyi 6 ne, mafi kauri da ke sama kusa da haɓarka ita ce ta 6, siririyar ƙasa ita ce ta 1. Filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ni gida nake ce masa, na kusa da kan jita shi ne gida na 1.

1. Saiti

Kullum kafin ka fara, ko da jiya ka saita. Daga ta 6 zuwa ta 1 sautukan su ne E, A, D, G, B, E. Buɗe manhaja, kaɗa tsirkiya ɗaya, murɗa kunnenta, ɗan abin murɗawar da ke kan jita, a hankali har allurar ta tsaya tsakiya. In ka wuce, sassauta ka koma ƙasa sannan ka sake hawowa, saitin da aka hau masa daga ƙasa ya fi riƙewa. Ka tabbata kunnen da kake murɗawa na tsirkiyar da kake kaɗawa ne, nan ne sababbi ke tsinka ta 1, suna ta murɗa wani kunne daban suna mamakin sauti bai canza ba.

In waya ta mutu ga dabara: danna ta 6 a gida na 5, sautin da ya fito shi ne na ta 5 a sake. Haka za ka bi, ta 5 a gida na 5 ta ba ka ta 4, ta 4 a gida na 5 ta ba ka ta 3, sai ta 3 a gida na 4, lura da kyau na 4 ne a nan, ta ba ka ta 2, sannan ta 2 a gida na 5 ta ba ka ta 1. Ko da waya na aiki ka riƙa gwada wannan, yana buɗe kunne.

2. Zama da danni

Zauna a bakin kujera, ƙugun jita a kan cinyar dama, wuyan ya ɗan kalli sama. Yanke farcen hagu ƙasa sosai. Babban yatsa a bayan wuya, sauran su lanƙwaso su danna da kan yatsa, daf da bayan ƙarfen, ba a tsakiyar gida ba kuma ba a kan ƙarfen ba. Gwada wannan: ɗora yatsa a hankali kana kaɗawa kana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har sautin ya fito tas, to iya ƙarfin da ake buƙata ke nan, duk abin da ka ƙara a kai gajiya ce. Sati biyu zuwa uku na farko kan yatsu zai yi zafi kafin kanta ta fito, wannan ba komai. Amma zafi a wuyan hannu ko cikin gaɓa daban ne, in ka ji shi ka tsaya ka gyara zama. In kai bahago ne kana iya juya tsirkiyoyin ko ka nemi jitar bahagwai, Mdou Moctar na Nijar bahago ne, Albert King ma haka, shi juya jitar kawai ya yi bai ko canza tsirkiyoyin ba.

3. Kod uku

Kod shi ne sautuka da yawa da ake kaɗawa tare. Uku kawai za mu ɗauka.

A7: yatsan tsakiya a ta 4 gida na 2, na zobe a ta 2 gida na 2, kaɗa daga ta 5 zuwa ƙasa, kar ka taɓa ta 6.
D7: manuni a ta 2 gida na 1, na tsakiya a ta 3 gida na 2, na zobe a ta 1 gida na 2, kaɗa daga ta 4.
E7: na tsakiya a ta 5 gida na 2, manuni a ta 3 gida na 1, kaɗa duka shida.

Bayan ka ɗora yatsu bi tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya, wadda ta yi bif to wani yatsa ne ya kwanta a kanta, ɗaga shi ya tsaya. Sai atisayen canji: minti ɗaya cur kana tafiya daga A7 zuwa D7 kana dawowa, ƙirga sau nawa ka yi ka rubuta a takarda, gobe ka sake. Idan ka kai 30 a minti kuma sautin na fita, ka shirya wa mataki na gaba.

4. Zagayen gaɓa 12

Wannan shi ne ƙashin bayan abin. Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce, 1 2 3 4. Zagaye ɗaya gaɓa 12, kuma tsarin haka yake: A7 gaɓa huɗu, D7 biyu, A7 biyu, E7 ɗaya, D7 ɗaya, A7 ɗaya, E7 ɗaya, sai a koma farko. E7 ɗin ƙarshen nan shi ke juyo da kai gida, in za ka rufe kiɗan sai ka sauka a A7.

Sa metronom a 60, kaɗa ƙasa sau ɗaya a kowane bugu, ƙafarka na taka ƙasa tare da shi, bakinka na ƙirgawa a fili. Kuskuren da kowa ke yi shi ne in an zo canjin kod sai hannun dama ya tsaya yana jiran hagu ya gama shiri. Kar ka bari. Hannun dama ba ya jiran kowa, ko yatsun hagu ba su isa ba ka kaɗa haka nan a wuce, gara sauti ɗaya ya fito a dagule da a ce lokaci ya karye, don in kana kiɗa da wasu ba wanda zai tsaya maka. Dabarar ita ce ka fara ɗaga yatsu tun a bugu na 4. In 60 ta yi maka sauri sauko 50, ba wanda ke kallonka. Ka zauna a nan har sai ka iya yin zagaye biyar a jere kana hira da wani ba ka ɓata ba, kunnenka ya riƙa jin canjin na zuwa tun kafin ka ƙirga.

5. Tafiyar shoful

A nan ne abin zai fara ƙamshin buluz, kuma a nan nake son ka daɗe. Kowane bugu ana raba shi kashi uku, ta-ta-ta, sai a kaɗa na farko da na uku a bar na tsakiya, abin ya fito dogo, gajere, dogo, gajere. Yadda nake koya wa yara shi ne su riƙa kiran sunan Audu, Au ɗin a ja shi, du ɗin a datse: Au-du, Au-du, Au-du, Au-du, gaɓa ɗaya ke nan. Fara da baki da tafi tukuna, jita na ajiye.

Yanzu ɗauko ta. A wurin A7, kaɗa tsirkiya biyu tare, ta 5 a sake da ta 4 da manuni a gida na 2, Audu ɗaya. Sai ka ɗora yatsan zobe a ta 4 gida na 4, manuni na nan bai ɗaga ba, Audu na biyu. Koma gida na 2, sake zuwa na 4, gaɓa ta cika. A wurin D7 sauko da komai tsirkiya ɗaya ƙasa, ta 4 a sake da ta 3. A wurin E7 hau sama, ta 6 a sake da ta 5. Duk bugun ƙasa ne, kuma ka ɗan jingina gefen tafin hannun dama a kan tsirkiyoyin daf da gada don sautin ya yi dum-dum a dunƙule, in ka matso gaba da yawa zai mutu gaba ɗaya, in ka ja baya da yawa zai yi ta ƙara, sai ka lalubo tsakiya da kunnenka.

Abin da ke ɓata shoful guda biyu ne, ko dai mutum ya miƙar da shi ya koma ta-ta-ta-ta daidai wa daida kamar faretin sojoji, ko kuma ya riƙa ƙara gudu bai sani ba, musamman in an shiga D7. Maganinsu ɗaya, ɗauki kanka a waya kana yin zagaye uku sannan ka saurara, abin da ba ka ji lokacin da kake kaɗawa ba rikodin zai nuna maka shi ƙarara. Kuma kar ka goge, za ka buƙace shi yanzun nan.

6. Sautuka biyar da amshi

Kai hannu gida na 5. Manuni shi ke da gida na 5 a duk tsirkiyoyin. A ta 6 danna 5 sai 8, a ta 5 da ta 4 da ta 3 kuma 5 sai 7, a ta 2 da ta 1 sai 5 da 8. Gida na 7 na yatsan zobe ne, na 8 na ƙaramin yatsa. Sautuka biyar ne ke maimaita kansu, A, C, D, E, G, kuma da ka hau ka sauko sau biyu za ka ji kamar ka san su, don yawancin kiɗanmu na gargajiya ma a kan sautuka biyar yake tafiya. Shi ya sa in ka saurari Ali Farka Touré, mutumin Niafunke a Mali da ya rasu a 2006, ko Bombino na Agadas, za ka ji kamar akwai dangantaka da makaɗan Misisifi ko da yake kowa da tafiyarsa. Akwai sauti na shida da ake ɗan ratsawa ta kansa, ta 5 gida na 6 ko ta 3 gida na 8, shi ke kawo ɗacin nan mai daɗi, amma wucewa ake yi ta kansa kamar yaji a miya, ba a zama a kai.

To kunna rikodin ɗinka na shoful ka kaɗa a kansa. Roƙona a nan, kar ka riƙa hawa da sauka kamar mai taka matakala. Ka tuna mawaƙi da 'yan amshinsa, ya jefa magana ya yi shiru su karɓa. Haka waƙar buluz take, a faɗi layi, a maimaita shi, a kawo na uku ya warware, kuma bayan kowane layi akwai fili da jita ke amsawa. B.B. King haka yake yi da jitarsa Lucille, in yana waƙa ta yi shiru, in ya rufe baki ta karɓa. Kai ma ɗauki sautuka uku kawai, ta 3 gida na 5 da na 7, da ta 4 gida na 7 wanda shi ne A, gidanka na sauka. Rera 'yar gajeriyar magana da bakinka, nemo ta a jita, kaɗa ta a gaɓa biyu, yi shiru gaɓa biyu, maimaita ta, sannan ka canza ƙarshenta a karo na uku. Shirun nan yana da wuya fiye da yadda kake zato, hannu ƙaiƙayi yake yi, amma ka daure.

7. Jan tsirkiya da karkarwa

Ɗora yatsan zobe a ta 3 gida na 7, na tsakiya da manuni a bayansa a kan tsirkiyar suna taya shi, babban yatsa ya leƙo saman wuya. Kafin ka ja, kaɗa gida na 9 ka ji sautin, can za ka. Dawo 7 ka tura tsirkiyar sama da juyin wuyan hannu kamar mai murɗa hannun ƙofa, har sautin ya kai na 9 ɗin. Jan da bai kai ba shi ne abin da ya fi saurin tona sabon shiga, don haka kullum ka riƙa gwadawa da na 9. A jitar katako mai tsirkiya mai kauri cikakken ja na da wuya, kar ka ji wa kanka ciwo, zame yatsan daga 7 zuwa 9 ba tare da ka ɗaga ba, ko ka ɗan ja ta 3 a gida na 5 kaɗan kawai da manuni, wannan ɗan jan ma buluz ne tsantsa. Karkarwa kuwa ƙananan ja ne a jere, ja saki ja saki, fara da shi a hankali tare da metronom, in ka yi shi da gaggawa kukan sauro zai zama.

8. Tsarin kullum

Minti 25 kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi, hannu da maimaici yake koyo. Minti 3 saiti da ɗumama yatsu, 5 canjin kod, 8 shoful da metronom, 6 amshi a kan rikodin, sauran ka saurari wani gwani ka kwaikwayi magana ɗaya tak daga kiɗansa da kunne. Gudun metronom kar ka ƙara sai ka yi abu sau uku a jere ba kuskure, sannan ka ƙara 4 ko 5. Wurin da ke ba ka wuya shi za ka ware ka yi ta yi, ba ka koma farkon kiɗan kowane lokaci ba. In dare ne kuma gidan haya kake ko akwai masu barci, tura safa ko ƙyalle ƙarƙashin tsirkiyoyin kusa da gada, sautin zai ragu sosai kuma hannu zai samu aikinsa, a zauna lafiya da maƙwabta.

Kula da jitar ma cikin atisaye yake. Goge tsirkiyoyi da ƙyalle duk ka gama, gumi ke sa su tsatsa, balle da damina. Lokacin hunturu kuma katako bushewa yake har ya tsage, na taɓa barin wata a jingine kusa da taga cikin iskar nan, da safe na tarar da tsaga a fuskarta, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Sa ta a jakarta, ka jiƙa soso ka matse shi sosai ka sa a leda mai 'yan huji ka ajiye a ciki yadda ba zai taɓa katakon ba. Kar a bar ta a rana ko cikin mota a rufe.

9. Leƙa jaz

Sai zagayen 12 ya zauna a jikinka za ka zo nan, wata uku ko shida, ya danganta. Mutane na tsoron jaz saboda kod masu miƙa yatsu, alhali da sautuka uku-uku ma ana shiga. Freddie Green ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie yana bugu huɗu a kowace gaɓa da 'yan ƙananan kod, shi ne ma ke riƙe da tafiyar ƙungiyar. In kana ganin yatsunka gajeru ne ko ba su da ƙarfi, Django Reinhardt gobara ta lalata masa yatsu biyu na hagu a 1928, da manuni da na tsakiya ya riƙa yin gudunsa.

Ga jerin da ya fi yawo a jaz. Dm7: ta 5 gida na 5, ta 4 gida na 3, ta 3 gida na 5. G7: ta 6 gida na 3, ta 4 gida na 3, ta 3 gida na 4, ta 5 kuma ka kashe ta da cikin yatsan da ke danne da ta 6. Cmaj7: ta 5 gida na 3, ta 4 gida na 2, ta 3 gida na 4. Ka lura da abin da ke faruwa a ta 4 da ta 3, daga Dm7 zuwa G7 ɗaya ce ta sauka gida ɗaya ɗayar na nan, daga G7 zuwa Cmaj7 sai ɗayar ita ma ta sauka gida ɗaya, wannan 'yar tafiyar ita ce daɗin abin, in ka rufe ido za ka ji yadda take jan kunne zuwa gida. Ba Dm7 gaɓa ɗaya, G7 ɗaya, Cmaj7 biyu, bugu gajeru, kana sassauta dannin hagu bayan kowane bugu don sautin ya yanke. Sa metronom a 40 ka ɗauki ƙas ɗinsa a matsayin bugu na 2 da na 4, da farko zai juya maka kai, ka riƙa cewa 2, 4 a kan ƙas ɗin har 1 da 3 su samu wurinsu a tsakani. Idan ya zauna, matsar da hannun gaba ɗaya gida biyu zuwa wajen cikin jita, sifar yatsu ba ta canza ba, ka samu Em7, A7 da Dmaj7, gobe kuma ka ƙara gida ɗaya.